Kafet, tsanin ƙarfe, raga ko roba: wace shimfiɗa ta dace da magudanar wankin zinare?

Haɗa magudanar wankin zinare ba wani aiki ba ne mai wuya. Kwararo ne dogo mai buɗaɗɗen baki, a ɗan gangare, ruwa na bi ta cikinsa ɗauke da yashi, a ƙasansa kuma akwai shimfiɗar da ke riƙe abu mai nauyi. Kafinta ko mai walda a Sabon Garin Zariya zai haɗa maka gangar jikin a wuni guda. Inda ake rabuwa shi ne wajen abin da aka shimfiɗa a ciki, da yawan ruwan da ake ba shi, da yadda aka gangarar da shi. Waɗannan ukun tare suke tafiya, shi ya sa shimfiɗar da ta yi wa wani aiki a bakin kogi za ta iya zubar maka da zinare a tsakar gida.

Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19. Farin yashi sau 2.65 ne kawai, baƙin yashin nan da mayen ƙarfe ke ɗauka kuwa kusan sau 5. Da wannan tazara, ƙwayar zinare mai girman gero ba ta da wuyar kamawa, ko tsohon bargo zai tare ta. Abin da ke gudu shi ne garin zinare da kuma siraran ɓaɓɓake masu faɗi, waɗanda ruwa ke ɗauka yana juyawa, ba su samun damar sauka kafin su kai ƙarshen magudanar. A kansu ake duk wannan gardama ta shimfiɗa.

Gangar jiki

Nan ba sai an daɗe ba. Girman da ya ishi mutum ɗaya shi ne tsawon santimita 120, faɗi 25, bango 10. Katako shi ne mafi araha kuma ya fi sauƙin kafa wa ƙusa, amma yana shan ruwa ya yi nauyi, idan hunturu ya shigo ya bushe ya murɗe, ga gara. Da zarar ƙasan ya murɗe ruwa zai koma gefe guda, saiti ya lalace. Falankin ƙarfe irin wanda ake lanƙwasa indararo da shi ya fi, muddin an lanƙwasa shi daga falle ɗaya ba tare da haɗi a ƙasa ba, aka kuma ɗaure bakinsa da sanduna biyu don kada ya buɗe. Alminiyum ya fi su duka rashin nauyi, sai dai tsada. Bututun roba da aka tsaga biyu kada ka ma soma: ƙasansa a zagaye yake, ruwa da yashi na taruwa a tsakiya, shimfiɗa ba ta kwanciya.

Ko da me aka yi, a bar santimita 25 zuwa 30 na farko sumul, ba shimfiɗa. A nan yashi ke bajewa, mai nauyi ya soma yin ƙasa kafin ya iso tarko. Sabon ƙarfe kuma a wanke shi tas da omo, saboda yana zuwa da maiƙo, maiƙo kuwa yana sa garin zinare ya yi iyo.

Auna ruwanka kafin ka zaɓi komai

Kafin a sayi shimfiɗa, a san yawan ruwan da ake da shi. Tara bokiti mai lita 20 a ƙarshen magudanar, ka duba agogon wayarka. In ya cika a daƙiƙa 7, kana da kusan lita 170 a minti. Daƙiƙa 10, lita 120. Daƙiƙa 20, lita 60. Lambar da aka rubuta a jikin famfo ba abin dogaro ba ce, don tana raguwa da tsawon mesa da tsayin da ake ɗaga ruwan.

Injin ban-ruwa inci 2 irin na manoman rani a bakin kogin Galma yana ba da lita 500 zuwa 600 a minti a takarda, wanda ya fi ƙarfin magudana mai faɗin santimita 25 nesa ba kusa ba. Dole a rage masa wuta, a kuma sa mararraba da makunni a mesar don mayar da rarar ruwa kogi. Ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota yakan ba da lita 50 zuwa 70. Wannan ba zai ciyar da faɗin 25 ba, amma zai wadatar da faɗin 15.

Mai son yin aiki a gida yana juya ruwa a duro ya lura da wannan lissafi: duro lita 200 ne, in kana jan lita 170 a minti, ruwan na zagayowa kusan duk minti guda, laka ba ta samun lokacin kwanciya. Cikin ɗan lokaci ya yi kauri, ruwa mai kauri kuwa yana riƙe garin zinare a sama. Don haka aikin gida na siririyar magudana ne da ƙaramin famfo da bahuna uku a jere, ɗaya na malala cikin ɗaya, famfon a na ƙarshe.

Kafet, bargo da algarara

Wannan ita ce shimfiɗar da aka fi gani a hannun masu wanki a ƙasar nan, kuma ba don jahilci ba. Kafet mai gajeren gashi, ba tare da wani ƙarfe a kai ba, yana kama gari sosai idan abin da ake zubawa an tankaɗe shi ƙasa da milimita 2, ruwan kuma siriri ne, zurfinsa bai wuce santimita 1 ba. Ba ya buƙatar ruwa da yawa, kuma ana samun guntayensa a wajen masu shimfiɗa kafet kusan kyauta.

Matsalarsa ƙaramin ciki. Gashin na cika da baƙin yashi cikin minti 15 zuwa 30, daga nan kuma ya zama sumul, duk abin da ya zo sai ya wuce. Dole a riƙa tsayawa ana ɗagawa ana wankewa a baho. Tsakuwa ma ba ta yi masa daɗi: tana birgima a kai tana kakkaɓe abin da ya riga ya kama. Kafet mai dogon gashi ya fi muni, yana riƙe zinare har ya hana ka shi, sai ka wanke sau da yawa yana ci gaba da fitowa kaɗan-kaɗan. Algarara kuwa tana ruɓewa da wuri, saƙarta a buɗe take, gari na ratsawa ya bi ta ƙasa ya fice.

Tsanin ƙarfe

Sanduna ne da ake jerawa a gicciye, na angil (ƙarfe mai kusurwa) ko na katako, a haɗe a firam ɗaya da ake dannawa a kan kafet. Shi ne ya fi burge ido, kuma shi ne ya fi ba wa sabon shiga kunya. Aikinsa ya dogara da ruwa ya tsallake sanda ya yi ƙundumbala a bayanta, wannan juyin ne ke fitar da yashi mara nauyi ya bar mai nauyi. In ruwan bai kai ya yi wannan juyi ba, ramukan kan cika su daskare, tsanin ya zama ado. In kuma ya yi yawa, juyin kan kwashe garin zinaren tare da yashin.

Gwaje-gwajen da aka yi a wuraren haƙar zinare na Yukon a Kanada wajen 1990, inda aka riƙa bin diddigin ƙwayoyin zinaren da aka yi wa alama, sun nuna cewa tsanin angil ya fi dacewa da zinaren da ya haura milimita 1, kuma yana cin ruwa ninki biyu na abin da raga ke ci. Angil mai inci 1 na manyan wurare ne masu katafila. A ƙaramar magudana tsayin sanda kada ya wuce milimita 12, tazara tsakani santimita 5. Ko da haka, amfaninsa na gaske ɗaya ne: yana jure tsakuwar da ba a tankaɗe sosai ba. Wanda ke da ruwan kogi mai ƙarfi, yana kuma sa ran manyan ƙwayoyi, zai iya sa sanduna uku ko huɗu a sama. Cika magudanar da su daga kai har wutsiya ɓarnar ƙarfe ce.

Ragar ƙarfe a kan tabarmar taliya

Ragar da ake nufi ita ce wadda aka tsaga falankin ƙarfe aka ja shi ya buɗe idanu, irin wadda masu walda ke yi wa janareta keji da ita. Iri biyu ce a kasuwa: akwai wadda aka danne ta kwanta sumul, akwai mai tudu wadda in ka shafa za ka ji kaifi. Mai tudun ake so, danniyar ba ta yin komai. Ido mai faɗin milimita 12 zuwa 20 ya yi. Kowane ido ƙaramin tarko ne mai nasa juyin ruwan, ɗaruruwansu a jere, kuma da yake gajeru ne, ruwa kaɗan ya isa ya motsa su.

A ƙarƙashinta ake sa tabarmar goge ƙafa ta roba mai zare a cukurkuɗe kamar taliya, wadda ake ajiyewa a ƙofar ofis. Abin da ragar ta saukar yana nutsewa cikin zaren, inda ruwa ba ya iya tono shi. Cikinta ya fi na kafet girma sosai, ana iya yin awa biyu ko fiye ba a ɗaga ba, wankinta kuma girgizawa ce kawai a baho. In tabarmar ba ta da bayan roba, a shimfiɗa siririn kafet ko roba mai layi a ƙasanta, in ba haka ba gari zai sauka har ƙasa ya yi ta rarrafe a kan ƙarfe zuwa wutsiya.

Abu biyu ke ɓata wannan haɗin. Na farko, juya ragar baibai. Shafa hannunka daga kai zuwa wutsiya, ya kamata ya zame. In ka dawo da shi sama ya riƙa maƙalewa. Na biyu, rashin danne ta. In akwai ko da ɗan sarari tsakanin raga da tabarma, ruwa zai bi ta nan ya wanke komai. A sa sanduna biyu a tsaye a gefen bango da kusoshi masu kunne, a matse har ragar ta ɗan nutse cikin zaren. A yanka tabarmar daidai faɗin magudanar, ba gibi a gefe. Abin da za a zuba kuma a tankaɗe shi ƙasa da milimita 6, ruwa wajen lita 150 zuwa 180 a minti ga faɗin 25.

A ganina wannan ce shimfiɗar da ta fi dacewa da mafi yawan masu neman zinare na sha'awa a nan, saboda abin da aka fi tsinta a yashin rafi garin zinare ne, kuma kayan duka ana samun su a cikin gari.

Roba mai layi-layi

Irin wadda ake shimfiɗa wa ƙasan mota, mai ƙananan ramuka a jere, zurfin milimita 2 zuwa 3, a kwantar da layukan a gicciye. Ba ta ɗaukar kaya da yawa, ba ta son tsakuwa ko kaɗan. Amma baƙa ce, zinare na fitowa fili a kanta, kuma wankinta daƙiƙu ne. Wurinta biyu: guntu mai tsawon santimita 15 a sama da raga, don ka ga ko akwai abin da ake kamawa tun kafin ka gama gumi, sai kuma siririyar magudanar gida mai faɗin 15 da ake tace abin da babbar ta tara.

Yadda ake gwaji

Ido ba ya gaya maka abin da ya gudu. Sai an zuba abin da aka san adadinsa, a ƙirga abin da ya dawo. Zariya ta dace da wannan aiki, don ba a san kogunanta da zinare ba, yashin kogin Kubanni ko na masu gini ya isa ya zama kayan gwaji.

Wasu na amfani da dalma a madadin zinare, nauyinta sau 11.3 na ruwa. Ba na ba da wannan shawara a gidan da yara ke wasa. Wayar jan ƙarfe ta fi: nauyinta sau 8.9, launinta na fitowa a cikin baƙin yashi, kuma da yake ba ta kai rabin nauyin zinare ba, magudanar da ta kama ta za ta kama zinare mai irin girmanta. Masu naɗin kwail na fanka da famfo suna da guntayenta. Yanka kashi uku, goma-goma: guda 10 daga waya mai kauri, tsawon milimita 3, guda 10 irinsu amma a buge su da guduma su baje, guda 10 daga siririn zaren da ke cikin wayar lantarki mai laushi, tsawon milimita 1 zuwa 2. Kashi na biyu da na uku su ne ainihin jarrabawar.

Cika bokiti mai lita 10 da tankaɗaɗɗen yashi, ƙara gwangwanin madara ɗaya na baƙin yashi, wanda za ka tara da mayen ƙarfen tsohuwar sifika a nannaɗe cikin leda. Kada a tsallake baƙin yashin, shi ne ke toshe shimfiɗa a wurin aiki na gaske, gwajin da babu shi ƙarya yake yi maka. Jiƙa yashin, zuba guntayen 30, cakuɗa sosai. Yanka shimfiɗar kashi uku daidai, sama da tsakiya da wutsiya, sa baho a ƙarshe ya tari duk abin da ya fita.

Gangaren farawa shi ne inci 1 a kowace ƙafa. A tsawon santimita 120, kai ya fi wutsiya tsayi da santimita 10, kusan digiri 5 ke nan. Daga hagu zuwa dama kuwa dole ya daidaita cif, a duba da ma'aunin magina ko siririyar mesa mai ruwa a ciki. Saki ruwa, jira minti ɗaya iska ta fita daga tabarmar, sannan ka riƙa zuba yashin da gwangwani, a baje a faɗin bakin, bokitin ya ɗauki minti 2 zuwa 3. Bayan na ƙarshe a bar ruwa ya ƙara rabin minti, a rage shi a hankali. Wanke kowane kashi a bahonsa daban, tace a ƙwarya, ƙirga.

Saiti mai kyau shi ne wanda mafi yawan guntayen suka tsaya a kashin sama, 'yan kaɗan a tsakiya, wutsiya kusan fayau, bahon ƙarshe babu ko ɗaya. In jimilla ta cika 30 amma biyar ko shida suna wutsiya, kada ka yi murna, da bokiti goma aka zuba da sun fita. Kowane saiti a maimaita shi sau 3, a rubuta a littafi, kuma abu ɗaya tak ake canzawa a lokaci guda. Ƙara santimita 2 a ƙarƙashin kai, sake gwadawa. Raga da tsani sukan so santimita 12 zuwa 18 a wannan tsawon, kafet zalla da roba sukan tsaya wajen 8 zuwa 12. Da wannan hanya ce kuma za ka kwatanta shimfiɗu biyu tsakani da Allah: yashi ɗaya, ruwa ɗaya, guntaye ɗaya.

Abin da ruwan ke nunawa

Yayin da ake zubawa, sa yatsa a bayan sanda ko cikin idon raga. Yashin wurin ya kamata ya zama sako-sako, yana rawa kamar tsaki a tukunyar da ta soma tafasa. In ya yi tauri, ya toshe: ko gangare ya yi kaɗan, ko ruwa bai isa ba, ko kana zubawa da sauri. Soma da rage hannu, don shi ne ba ya cin kuɗi. In ka daina zubawa, farin yashi ya kamata ya share cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, ya bar baƙi. In kuwa tabarmar ta fito tsirara har baƙin ya tafi, ruwa ya yi ƙarfi ko gangare ya yi yawa. Farin kumfa da tsalle-tsallen ruwa alamar sanduna sun yi tsayi ne, ko mesa na feshi kai tsaye a kan shimfiɗa. A sa ruwan ya fara dukan bangon baya, ko ya fito ta bututu mai huji a jere. Yashi ya taru a gefe guda, magudanar ta karkata. Zurfin ruwa kuma ya ninka tsakuwa mafi girma sau 2 aƙalla, in ba haka ba za ta tsaya ta tare hanya, ruwa ya tono gefenta.

Akwai asarar da ba ta da alaƙa da saiti. Jar ƙasa da yumɓu, waɗanda muke da su da yawa, suna dunƙulewa su yi ta birgima a kan shimfiɗa, zinare na manne musu suna fita da shi. A jiƙa irin wannan ƙasa a baho, a dama ta da hannu har dunƙulen ya narke kafin ta taɓa magudana. Busasshen yashi ma kada a zuba, yana tafiya da iska a jikinsa, gari ya bi saman ruwa. A ruwan da ake juyawa a gida, ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa na hana wannan iyo, fiye da haka kumfa ce. Sannan in famfo ya mutu ana cikin aiki, kada a tayar da shi da ƙarfi a kan shimfiɗar da ta cika, ambaliyar farko na kwashe abin da aka tara.

Wanne ga wa

Mai batiri da bahuna a tsakar gida: faɗin 15, roba mai layi ko kafet mai gajeren gashi, a tankaɗe da ragar sauro ta taga. Mai injin ban-ruwa ko rafi mai gudu: faɗin 25, guntun roba a sama, raga a kan tabarmar taliya a sauran. Tsani sai in gwajin ƙwarya a wurin ya nuna manyan ƙwayoyi, ruwa kuma ya wadata. Wanda kuɗinsa bai kai raga ba ya riƙe kafet, ya tankaɗe da kyau, ya riƙa wankewa duk minti 15.

Fita daji wani babi ne. Zinaren arewa maso yamma yana yankunan Birnin Gwari, Maru, Anka da Zuru, wuraren da matsalar tsaro ta addaba shekara da shekaru, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. A doka ma'adinan ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai da lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, ko da gona taka ce. Kada kuma a kawo dutsen zinare gida a daka ko a niƙa. Ƙurar irin wannan dutse mai haɗe da dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Zaiba ma ba ta da gurbi a wannan aiki, hayaƙinta guba ne. Mayen ƙarfe da ƙwarya da siririyar magudana sun isa su raba zinare da baƙin yashi.

In an samu izini aka isa wurin, saitin gida mafari ne kawai, don yashin can zai bambanta da na Kubanni wajen laka da yawan baƙin yashi. A maimaita gwajin guntaye 30 da ƙasar wurin kafin a soma aiki, sannan bayan kowane bokiti goma a tari gwangwani biyu daga abin da ke fita a wutsiya a tace a ƙwarya. In an ga ko ƙwaya ɗaya, a tsaya a wanke shimfiɗa, a rage santimita 2 daga gangare, a sake dubawa.